WANE INJI ZA MU SA MA MOTAR GARI?

Jawabin da ɗanmu makanike mazaunin Maraɗi ya yi gaban taron ƙungiya. Mun buga shi dukanshi don ƴan'uwa da ke Yamai, Damagaram, Tawa, Agadas, Kano, Legas, Kwatano da Abijan su karanta, ko a karanta masu, kamin su aiko da nasu ra'ayi.



Biro ya ɗora mani aiki guda: in duba motar gari, in gaya ma taro abin da ya same ta, in kawo shawara bisa injin da ya kamata a saya. Ina roƙon iyayenmu su yi haƙuri da sunayen ƙarafa. Mu makanikan Maraɗi rabin kayan aikinmu da Faransanci muke kiran su, rabi da bakin ƴan Kano. Duk wanda na ambata zan faɗi aikinshi.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI KOWA

Motar nan ba ta ado ba ce. Ita ke ɗaukar mace in naƙuda ta yi tsawo, ita ke kai wanda maciji ya sara cikin gona, ita ke kai yaron da zazzaɓin damana ya kayar. Ita ke fid da gero da wake da gyaɗa zuwa kasuwa. In wani namu ya rasu a asibitin birni, ita ke maido shi gida. Tsakaninmu da kwalta kun san abin da ke akwai: rairayi da bazara, laka da kori da damana. Ƙananan motoci ba su shigowa. Amalanke kuwa ko ta kai mara lafiya, sau da yawa ta makara.

Kuɗɗin da ke akwati kuma gumi ne. Na mai dako ne, da mai ga-ruwa, da mai shayi, da mai gadin dare, da tsohuwar da ta sai da akuya ta ba da nata. Ma'aji zai karanta maku lissafi in na gama. Abin da nike so ku riƙe shi ne, irin wanga kuɗɗi sau guda ake tara shi. In munka sayi mugun inji, ba mu da fuskar da za mu koma ma mutane da ita baɗi. Don haka sai mu yi nawa wajen shawara, mu yi sauri wajen aiki.

MOTAR DA INJINTA

Motarmu Toyota Land Cruiser ce, samfurin da ake ce ma HJ75. Kamfanin ya fara ƙera wagga zuriya ta 70 a 1984. Harafin J shi ke nuna Land Cruiser, H kuma shi ke nuna dangin injin. Injin da ke cikinta sunanshi 2H: silinda 6, lita 4, gazuwal yake sha, ƙarfinshi doki 100 da ƴan kai. An fara yin shi a 1980, kuma daga 1990 anka canza shi da wani cikin irin wagga mota. Ke nan ko wane 2H kunka gani yau a kasuwa, ya haura shekara 30.

Da anka kwance namu, ga abin da ya bayyana. Kulas, wato murfin kan inji, ta tsage, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Silinda sun ci har sun yi baki. Karanshaf, wato gwiwar da fistin ke juyawa, an riga an feƙe shi a baya, babu sauran naman da za a ƙara ci. Amma shasi lafiyarshi lau, bai ruɓe ba, bai karye ba. Pon na gaba da na baya suna da sauran rai. Da shasin ya mutu, da ban tsaya gabanku da maganar inji ba, don ba a yi ma mataccen doki sabon sirdi. Tun da gangar jiki na nan, motar ta cancanci sabuwar zuciya.

MA'AUNI HUƊU

Mai sayen sa na noma ba girman ƙaho yake dubawa ba. Shina duba haƙora, da ƙafa, da ko zai yi daidai da abokin huɗarshi. Inji ma haka yake. Ko wane inji anka kawo maku, ku aza shi bisa tambaya huɗu.

Ta farko: zai zauna cikin motar ba tare da an yanke ta an yi mata ɗinkin walda ko'ina ba?

Ta biyu: in wani abu ya lalace, ana samun kayanshi a Maraɗi ko Tasawa ran nan, ko sai an yi aike Legas an jira wata guda?

Ta uku: makanike na kusa da mu zai iya gyara shi da sufana da hannu, ko sai an nemo kwamfuta?

Ta huɗu: mi yake sha, kuma nawa yake sha cikin rairayi da kaya a baya?

Ƙarfin doki da gudu ba su cikin huɗun nan. Da gangan na bar su.

HANYOYIN DA KE GABANMU

Hanya ta farko, a sake gina tsohon. Wasu dattawa sun fi son wagga, kuma suna da hujja. 2H inji ne mai haƙuri. Ba shi da bel na taimin, haƙoran ƙarfe ke juya shi. Famfonshi na gazuwal dogo ne, irin wanda ke jure ma mai maras tsabta. Amma namu sai an sayo kulas, an sayo karanshaf, an gyara silinda 6, an sa sabbin fistin da zobba da kusine. In an tara kuɗɗin duka sai su kusa kamo na wani inji. Ga shi kayan 2H na asali sun yi wuya, na jabu sun cika kasuwa. Sayen wani tsohon 2H kuwa, musanya tsoho da tsoho ne.

Hanya ta biyu, ƙaramin inji na Hilux, 3L ko 5L. Silinda 4 ne, ɗaya lita 2.8, ɗaya lita 3, ƙarfinsu wajen doki 90. Sun fi araha, kayansu kuma ko'ina. Cikin motarsu injuna ne nagari. Amma motarmu ba kaya tana da nauyin wajen tan 2, da kaya ta kai tan 3. Sa mata wanga inji daidai yake da ɗaura ma jaki amalanken shanu. Zai ja a fili, amma cikin jigawa sai shi yi ta nishi, shi yi zafi, kulas ta tsage. Kuma sai an yanke mazauninshi, an ƙera faranti don shi haɗu da bwat, wato akwatin giya. Araha ba ta ado.

Hanya ta uku, injin esans, 3F mai lita 4 ko 1FZ mai lita 4.5. Su ma na Land Cruiser ne, suna da ƙarfi, suna tashi da wuri, masu ratsa Sahara da yawa na son su saboda gudu. Lokacin da esans na kwalba daga Najeriya ke da arha, lissafin ya kan yi daɗi. Amma ran 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗɗinshi ya ninka, waccan arha ta wuce. A watan Yuli 2024 gwamnatinmu ta sa litar esans sefa 499, ta gazuwal 618. Wato gazuwal ya ɗara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai shan injin esans cikin rairayi ya wuce wagga rata nesa ba kusa ba. Kun kuma tuna layin da anka yi a gidajen mai a watan Maris 2025, lokacin da esans ya yi wuya. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda anka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a yini, gazuwal ɗin da take fitarwa ya fi esans yawa. Ban da haka, injin esans da wuta yake tashi. In ruwan kori ya jiƙa bujinshi da wayoyinshi sai shi mutu tsakiyar ruwa. Ajiyar jarkokin esans kusa da rumbu da shibci kuwa, kowa ya san haɗarinta.

Hanya ta huɗu ita samarinmu ke so: inji mai turbo, 1HD-T, wanda ya fito a 1990, lita 4.2, doki wajen 165. Turbo wata farfela ce ƙarama da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 cikin minti guda, tana cusa ma inji iska. Ƙarfi kam akwai. Amma tana son baƙin mai mai kyau da juye kan lokaci, tana son direban da zai bar inji shi huce kamin shi kashe. Ƙura kaɗan in ta shiga ta cinye fukafukanta. An kuma san injunan shekarun farko na wanga samfur da cin kusine na sandar fistin. Shina da tsada, gyaranshi ma haka. Kuma ku yi tunani: motarmu da inji mai doki 100 da ƴan kai ta zo. A ba yaro doki 165 bisa hanyar burji da mutum goma a baya, ba taimakon marasa lafiya anka yi ba. Akwai masu cewa a sayi inji maras turbo a ɗaura mashi daga baya. Kada ku yarda. Fistin da kulas ɗinshi ba don wannan zafi anka yi su ba.

Hanya ta biyar, injunan zamani masu kwamfuta: 1HD-FTE na 1998, 1VD mai silinda 8 na 2007, da 1GD mai lita 2.8 da anka sa ma zuriyar 70 a 2023. Injuna ne masu kyau ga mai gareji kusa da mai tsabtatacce. Amma ku auna wannan: tayar mota kilo 3 na iska take ɗauka, tsohon inji da kilo wajen 150 yake fesa gazuwal, biyun ƙarshe da na ambata sun wuce kilo 1,500. A irin wanga matsi, ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙasa cikin mai ya isa shi kashe enjekta, kuma kuɗɗin enjekta guda ba wasa ba ne. In waya guda ta tsinke cikin daji, babu sufanar da za ta tada motar.

SHAWARATA

Saura hanya ta shida, ita ce nike ba taro shawara: injin 1HZ.

Shi ne ya gaji 2H a 1990 cikin wagga mota ɗin, shi ya sa ake ce ma ƙanwar tamu HZJ75, daga 1999 kuma HZJ78 da HZJ79. Silinda 6, lita 4.2, doki wajen 130, gazuwal, ba turbo, ba kwamfuta. Toyota ta yi shekara fiye da 30 tana ƙera shi. Fararen motocin nan na likitocin agaji da na ma'aikatun raya karkara da kuke gani suna ratsa Dakwaro da Mayahi da Madarumfa, mafi yawansu shi ke cikinsu. Don haka babu babban gari tsakanin Ƙwanni da Damagaram da za a rasa makaniken da ya san shi, ko kantin da ke da filtarshi. Ba shi da gudu, amma shina da ja tun daga ƙasa, kuma ja ake nema cikin rairayi da laka. Ya amsa tambayoyin nan huɗu fiye da sauran.

Kada in ɓoye maku aibinshi, guda uku ne. Na ɗaya, shina da bel na taimin. In ya tsinke inji na tafiya, fistin su doki bawul, ɓarna ta yi yawa. Na biyu, famfonshi kewayayye ne, gazuwal ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarshi. In an gauraya mai da kalanzir ko ruwa, famfon ya tafi. Na uku, ba shi yafe zafi. In ya tafasa sau biyu sau uku, kulas ta tsage kamar ta tsohon. Dukansu ukun kula ke maganinsu.

Kuma ba za a ɗauke shi a jefa cikin motar haka nan ba. Mazaunin ƙafafunshi bisa shasi ya bambanta da na 2H, sai an gyara. Ƙoƙon da ke haɗa shi da bwat daban ne, haka ambiriyaj, wato kuloci. Tiyon ruwa da salansa sai an daidaita. Hanyar kashe su ma ba ɗaya ba ce: tsohon wata ƙaramar na'ura ke jan sandar famfo, sabon kuwa wuta ake yanke ma wani maɓalli bisa famfo, don haka sai an taɓa wayoyi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayo injin tare da bwat ɗinshi da akwatin ƙafa huɗu, waɗanda anka ciro daga HZJ75 guda, sannan a auna tsawon farfelar ƙasa.

Abu biyu ke kama masu saye a nan. Na farko wuta: motarmu bolt 12 ce, amma injuna da yawa da ke zuwa daga Turai da Japan bolt 24 ne. In anka kawo mai 24, sai an canza sitata, da dinamo, da bujin zafi, da maɓallin famfo. Na biyu, akwai 1HZ cikin bas ɗin Coaster. Inji ɗaya ne, amma kaskon mai da kayan gefe ba lalle su dace da kat-kat ba, kasko na iya taɓa pon na gaba. A tambayi daga wace mota anka ciro shi, a kuma duba da ido.

YADDA ZA A SAYE SHI

Inda ake samu sananne ne: garejojin Maraɗi da Yamai da Agadas, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kasuwar Ladipo a Legas, da masu kawo kwantena daga Sharja. Tun da anka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa da ke biyowa ta Kwatano sunka koma hanyar Lome, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗɗin dako ya ƙaru. Ƴan'uwanmu na can sai su sa wannan cikin lissafi kamin su ce sun ga mai arha.

Ina roƙon taro shi hana cinikin biri a sama. Hoto cikin waya, ko bidiyon WhatsApp na inji shina kuka, ba shaida ba ne. Gani ya kori ji. Kada kuma a saurari zancen kilomita kaɗan ya yi. Agogon kilomita jikin mota yake, inji ba shi da shi. Injin da anka wanke tas anka fesa ma fenti, ku ɗauke shi kamar san da anka ɗura ma kanwa da ruwa daren kasuwa.

Ga abin da masu zuwa saye za su yi, bi da bi:

1. Su duba suna da lambar da anka buga jikin gangar inji. In an goge ko an sake bugawa, su juya.

2. Su iso da safe, su aza hannu su ji injin da sanyi, sannan a tada shi gabansu. Mai sayarwa da ya riga ya ɗumama inji akwai abin da yake ɓoyewa.

3. Su dubi hayaƙi. Shuɗi, baƙin mai yake ƙonewa, zobba sun ci. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, ko ruwa na shiga silinda ko matsi ya yi kasa. Baƙi, yawanci enjekta ne ko famfo, wannan mai gyaruwa ne.

4. Su buɗe murfin da ake zuba baƙin mai inji na aiki. In shina furzo hayaƙi kamar tukunya, cikinshi ya gaji.

5. A auna matsin ko wace silinda da agogo. Littafin kamfani ya ce lafiyayyen 1HZ kilo 37, mafi ƙaranci 27, kuma kada ratar wata silinda da wata ta wuce kilo 5. Mu mu nemi wanda ya haura 30 duka shida.

6. A auna matsin baƙin mai bayan ya yi zafi. In an taka shi zuwa juyi 3,000 kada shi gaza kilo 2.5.

7. A kwance kaskon mai a duba. In mai ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. In akwai garin ƙarfe mai ƙyalli, kusine sun ci.

Mai sayarwa da ya ƙi a auna, ya riga ya ba da amsa.

Mutum uku za su tafi: wakilin ma'aji mai riƙe kuɗɗi, dattijo guda mai ciniki, da makanike. Ni da na kawo shawara, kada a damƙa mani kuɗɗi, kuma a ƙara da wani makanike da ba abokina ba, ba abokin mai sayarwa ba, don zukata su kwanta. La'adar dillali a faɗe ta fili. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: in cikin kwana 30 injin ya nuna aibin da anka ɓoye, a maido ko a musanya. A riƙe wani kaso na kuɗɗi sai an ɗaura shi ya yi tafiya.

TAKARDU DA RABON KUƊƊI

Kun san irin wagga mota ɓarayi da ƴan bindiga na farautar ta. Wadda anka sace sau da yawa rarraba ta ake yi a sai da guntu-guntu. In munka sayi injin da ba takarda, wata rana jandarma ko ƴan duwan su tsare motar a shinge da mara lafiya ciki, kuma sunan gari ne zai ɓaci. A karɓi rasit mai sunan kanti da lambar inji. In daga waje ya shigo, a karɓi takardar duwan. Bayan an ɗaura, a kai kartigiris ofishin sufuri a nuna masu canjin, a kuma shaida ma masu inshora. Tun da gazuwal munka cire gazuwal munka sa, aikin takarda zai zo da sauƙi.

Kada a zuba duk abin da ke akwati bisa injin. Shawarata a kasa uku. Kashi biyu na inji da dako da duwan. Kashi guda na ɗaurawa da sabbin kaya da ajiya. Kamin a sa shi cikin mota, tun shina ƙasa, a canza bel na taimin da abin ɗaure shi, da famfon ruwa, da tamostat, da faifan ambiriyaj, da robar bayan karanshaf, da filta duka, a kai enjekta a gwada su. Abin da za a yi cikin awa guda inji na ƙasa, yini biyu yake ci in ya hau. Radiyata, wadda ƴan Kano ke ce ma lagireto, a kwance ta a wanke, in ta toshe a canza. Sabon inji da tsohuwar radiyata, jiya za a maimaita. Tsohon 2H kuma kada a bar shi ya ruɓe bayan gida: famfonshi da sitata da dinamo da bwat suna da masu so, kuɗɗinsu su koma akwati.

BAYAN AN ƊAURA

Abin da ke kashe inji a ƙasarmu uku ne: ƙura, da zafi, da mugun mai. Don haka ina neman taro shi kafa doka.

A yi juye ko wane kilomita 5,000, wajen lita 10 yake ɗauka, da sabuwar filta. Filtar iska a kaɗe ta kullum lokacin hunturu da bazara, a hura daga ciki zuwa waje, in ta huje a jefar. Bel na taimin a canza shi a kilomita 100,000, a rubuta ranar. Kada a cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Aikinta ke nan ta riƙe inji bisa ɗumin da ya dace. Radiyata ba ta son ruwan rijiya mai gishiri, shi ke toshe ta. A sa ruwan magani ko ruwan sama da anka tace. Gazuwal a saye shi a gidan mai, in kuwa dole ta sa anka sayi na jarka, a bar shi ya kwanta a tace. Ƙoƙon da ke raba ruwa da mai a zubar da shi ko wane mako. Direba shi jira fitilar bujin zafi ta mutu kamin shi murza. Idonshi bisa allurar zafi. In ta hau, shi tsaya, ko wa ke gaggawa.

In an iso kori mai ruwa, yaron mota shi shiga da ƙafa tukuna. Injin gazuwal na matse iska sau 22. Ruwa kuwa ba shi matsuwa, in inji ya shaƙi ko kofi guda, sandar fistin ta lanƙwashe. Cikin rairayi a rage iskar taya a sa ƙafa huɗu tun kamin a kafe, ba a yi ta ƙona ambiriyaj ba. Kaya kuma su tsaya inda kamfani ya tsaya.

Direba guda, makulli guda, littafi guda. Ko wace tafiya a rubuta kilomita da mai da abin da anka karɓa. Ko wace ranar kasuwa a cire wani abu a sa asusun inji, wanda ba a taɓa shi don biki ko bashi. Da haka, ran da wanga inji ya tsufa, motar da kanta za ta sayi magajinshi, ba sai an sake bin ƴan ci-rani da ƙoƙo ba.

ABIN DA NIKE NEMA GA TARO

Abu uku. A amince da 1HZ mai bolt 12, tare da bwat ɗinshi. A zaɓi mutum ukun da za su tafi, da makanike na biyu. A sa rana, yadda za a gama ɗaurawa a yi gwajin kilomita 1,000 kamin ruwan shuka, don aibin da ke ɓoye shi fito tun wa'adin maidowa bai cika ba, tun kori bai kawo ba.

Wanda ke da wata hujja da ta fi tawa, daga nan ko daga nesa, shi kawo ta a aza bisa ma'aunin nan huɗu. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido matafiyanmu gida lafiya.